Gardamar Tinariwen a Fadojin Damagaram: Wane Ne Ubangidan Makaɗi?

Akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a fadar da nake zama a unguwar Zango, nan Damagaram. Wani ƙanenmu ne ya jawo ta, ranar da ya zo da waya ɗauke da bidiyon ƙungiyar makaɗan nan ta Abzinawa, Tinariwen, suna wasa a wani ƙaton zaure na ƙasar Turai: fitilu shuɗi da ja, dattawa cikin manyan riguna da rawuna, ga dubban Turawa a tsaye suna kaɗa kai. Kafin a sauke shayi na biyu fada ta rabu gida uku.

Gida na farko na manya ne, wani mushe da ya yi ritaya da wani Alhaji da ya ci kasuwar Agadas da Arlit a shekarun 1990. Su a wurinsu wannan ba shi ne kiɗan da suka sani ba. Kaset ɗin da suke ji a da, in ji su, cike yake da ƙugin iska da tarin mutane da ƙarar kofunan shayi, amma idan ka saurara sai tsikar jikinka ta tashi. Na yanzu kuwa an wanke shi an goge har ya zama kamar ɗakin likita. Gida na biyu na samari ne, galibinsu masu kabu-kabu da ƴan makaranta, waɗanda ke ganin tsofaffin sun gaji, suna tsaye a dandali kamar turaku, alhali ga Mdou Moctar can yana tsaga gita kamar zai tsinka tsirkiyarta. Gida na uku mutum ɗaya ne tak, wani ma'aikaci da ya yi karatu a Faransa, wanda ya ce shi ya biya kuɗinsa ya shiga ya gan su ido da ido, kuma gani ya kori ji: abin da ke fitowa daga waya ko inuwar abin bai kai ba.

Ni kuwa da na ƙirga mutanen da ke zaune, mun kai goma sha biyar, sai na ga duk cikinmu shi kaɗai ne ya taɓa ganin waɗannan mutane a raye suna kiɗa. Sauranmu duka alƙalan waya ne. Wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami, domin na lura gardamar ta bar wurin da ciwon yake ta tafi tana susar wani wurin.

Ga wanda bai san su ba, kalmar Tinariwen jam'in tenere ce, wato hamada a harshen Tamashek. Asalin manyansu yankin Kidal ne a arewacin Mali. Jagoransu, Ibrahim Ag Alhabib, yana ƙaramin yaro sojojin Mali suka kashe mahaifinsa a tawayen 1963, ya tashi cikin gudun hijira a kudancin Aljeriya, ya harhaɗa gitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke. A Tamanrasset, wajen 1979, ya haɗu da su Alhassane Ag Touhami suka fara kiɗa tare. Daga nan sai sansanonin horon soja na Gaddafi a Libiya, inda samarin da fari da rashin aiki suka koro daga Mali da Nijar suka taru. Su ne ake kira ishumar, daga kalmar Faransanci ta marar aikin yi. Ba su da kamfani, ba su da rediyo. Duk wanda ya kawo kaset fanko sai su cika masa, kaset kuma ya bi manyan motoci ya ratsa sahara. Da tawaye ya ɓarke a 1990, bayan abin da ya auku a Cintabaraden a watan Mayu, wasu daga cikinsu sun ajiye gita sun ɗauki bindiga, kuma a lokacin samun irin wannan kaset a aljihun mutum ya isa ya jawo masa tambayoyin da ba ya so a shingen jami'an tsaro. A nan Nijar muna da namu, marigayi Abdallah Ag Oumbadougou da ƙungiyarsa Takrist n'Akal, wanda bai samu sararin yin kiɗa a fili a ƙasarsa ba sai bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995.

Sauran labarin duniya ta sani. A Janairu 2001 aka yi bikin kiɗan sahara na farko a Tin Essako, Turawa suka gan su, faifansu na farko ya fita a shekarar. A 2007 su ne suka share fage ga Rolling Stones a ƙasar Ailan. A 2010 sun yi wasa a Soweto a bikin buɗe gasar ƙwallon ƙafa ta duniya. A Fabrairu 2012 faifansu Tassili ya ci kyautar Grammy a Amurka. Turawa suna sa su a sahun makaɗan rok, wato kiɗan gita mai wuta, kuma suna da gaskiya ta wani fanni, ko da yake duk wanda ya taɓa jin matan Abzin suna buga tande a kan turmi ya san inda wannan tafin da wannan amshin suka samo tushe.

Wani zai ce ina ruwan Damagaram da makaɗan Kidal. Wanda ya faɗi haka bai san dalilin da ya sa ake kiran unguwarmu Zango ba. Tun zamanin Sarki Tanimun a nan ayarin Abzinawa ke sauke kaya a kan hanyarsu tsakanin Tarabulus da Kano, su kawo gishiri da dabino su koma da hatsi da baƙin Kano, wanda shi ne ma rawanin da suke naɗawa. Hanyar Tanut da Agadas da ta ɗauko raƙuma ita ce daga baya ta ɗauko kaset. Saboda haka muna da bakin magana. Tambaya ita ce ko maganar da muke yi tana da nauyi.

Bari mu auna ƙorafe-ƙorafen. Na samari shi ne mafi sauƙi, kuma ba zan daɗe a kansa ba. Mutumin da ya haura shekara sittin, ya kwana a sansani ya kwana a dutse, ba za a nemi ya yi tsalle a dandali ba. Kuma ko da yana saurayi ma ba tsalle ne aikinsa ba. Kiɗan Tinariwen tafiyar raƙumi ce, na Mdou Moctar gudun babur ne, kowanne da ranarsa. Su kansu Turawa haka suke fama da nasu tsofaffin: Rolling Stones tun 1962 suke, mai gangarsu Charlie Watts ya rasu a 2021, Mick Jagger ya zagaya Amurka a 2024 yana da shekara 80, kuma duk zagayen sai masoyansu sun yi gardamar ko lokacin ajiyewa ya yi. Bambancinsu da mu shi ne su suna gardamar ne da tikiti a aljihu.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan ƙarfi: wai wace Tinariwen ce ma ake gani? Inteyeden, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, ya rasu tun 1994. Mohammed Ag Itlale, wanda aka fi sani da Japonais, ya rasu a 2021. Akwai shekarun da Ibrahim kansa bai bi su yawo ba bayan rikicin Mali na 2012, ya zauna wajen iyalinsa, Abdallah Ag Alhousseyni da Alhassane suka ja ragama tare da ƴan baya irin su Eyadou Ag Leche mai gitar bas. Mai wannan ƙorafi yana ɗaukar ƙungiya kamar kamfani mai ma'aikata ƙididdigaggu, alhali tun fil azal Tinariwen zaure ce, wanda ke nan shi ke kiɗa. Mu da muka san gidajen makaɗan fada, inda ɗa ke gadon kotso daga uba sunan gida bai sauya ba, bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Ko Tal National ta Yamai, wadda Hamadal Moumine, da aka fi sani da Almeida, ya kafa a 2000, tana da makaɗa da yawa har takan rabu biyu ta yi wasa a wurare biyu a dare ɗaya, ban kuma taɓa jin wanda ya nemi a mayar masa da kuɗinsa ba.

Ƙorafin dattawa ne ya cancanci a zauna a kansa, domin akwai gaskiya a ciki, kuma gaskiya mai ɗaci. Lalle wasan ya sauya. Kiɗan gita a inda aka haife shi kiɗan zama ne: a shimfiɗa tabarma, a kewaye makaɗa, mata na tafi da guɗa, wanda ya san waƙa ya amsa, a yi hutu a sha shayi, a koma, har dare ya raba. Waƙa ɗaya tana iya tsawaita idan mawaƙi ya ga ta shiga jikin mutane, ko ya yanke ta idan ya ga wani bako da ya kamata a ambata. A zauren Turai kuwa akwai yarjejeniya a rubuce, akwai lokacin farawa da na gamawa, akwai jerin waƙoƙi a manne a ƙasa gaban kowane makaɗi, kuma gobe da safe mota na jira za a tafi wani gari a maimaita. Mafi nauyin abin shi ne masu sauraro ba su jin Tamashek. Waƙar da aka yi don kewar gida, abin da su ke kira assuf, ko don ƴan uwan da suka mutu, ko don kiran samari su daina barci, sai ka ga ana rawa da ita ana ɗaga kofi. Mawaƙin da ya san ba a jin kalmarsa dole ya jingina ga abin da ake ji, wato ganga da bas da tafi, da kuma abin da ake gani, wato rawani. A faifansu Amatssou na 2023 har da makaɗan gargajiyar Amurka masu banjo suka gayyato. Ni kaina, da na ji, sai da na ɗan yamutsa fuska kafin na saba.

To amma, ya ku dattawa, in kiɗa ya sauya rawa ma sauyawa take, kuma kafin kiɗa ya sauya akwai abin da ya riga shi sauyawa. Mu Hausawa mun fi kowa sanin cewa babu makaɗin da ba shi da ubangida. Ma'azu Ɗan Alalo fadar Damagaram ce ta riƙe shi, ita ya yi wa hidima, da harshenta ya yi magana. Ba wanda ya taɓa zarginsa da cewa ya bar talakawa ya koma wa sarki, domin kowa ya san inda doki da riga ke fitowa. Yau wa ke ba Tinariwen doki da riga? Euro ɗaya sefa 656 ne. Ko da tikitin shiga bai wuce euro 30 ba, kuɗin ya kusa jika 20 a kan mutum ɗaya, a zauren da ke cin mutum dubu ko fiye. Wannan Baturen da muke yi wa dariya don yana rawa da waƙar makoki, shi ne ke biyan kuɗin makarantar ƴaƴan makaɗin da maganin mahaifiyarsa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Mu fa, me muka ba su? Kaset ɗin da Alhaji ke kewa kwafin kwafi ne, ko dala ba ta kai hannun mai waƙa ba. Da kaset ya wuce sai katin waya ya zo, ana tura waƙa ɗari a rumfar caji da kuɗin goro. Ba na cewa hakan bai yi amfani ba: da wannan hanya ce waƙar Mdou Moctar, wanda ya naɗi faifansa na farko a Sakkwato a 2008, ta yawata daga waya zuwa waya har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince ta ya fitar da ita a 2011. Sai dai a lura da yadda labarin ke ƙarewa kullum: mu ne masu yaɗawa kyauta, wani ne mai saye.

Kuma kada mu ɓoye a bayan talauci, domin masu karanta wannan jarida ba su ne matalautan garin nan ba. Ɗan kasuwar da zai zubar da jika hamsin a gaban maroƙi a bikin ɗiyar abokinsa, don a kira sunansa da na kakansa a lasifika, shi ne ba zai iya cire jika biyu a ƙofa ba, domin a ƙofa ba a kiran suna. Ma'aikacin gwamnati kuwa ya ɗauki biyan kuɗin shiga a matsayin ƙasƙanci. Mutuncinsa shi ne a aiko masa da katin gayyata, ya zo a makare da mutum huɗu a bayansa, a tashi waɗanda suka biya a ba shi kujerar gaba. Ban cire kaina ba. Lokacin da nake ɗalibi a Yamai nakan tara kuɗin abinci in je in ga Tal National, waɗanda aka sani da wasan sa'a biyar a dare ɗaya; amma tun ranar da na samu katin aikin jarida ban tuna na sake biya ba, sai dai in nuna kati in wuce, gobe in rubuta cewa na'urorin sun tsufa.

Ƴan siyasa ma sun koya mana wannan hali. A zamanin Samariya da gasar Ɗan Gurmu, duk da abin da ake iya faɗa game da mulkin soja na lokacin, akwai fagen da ƙungiyoyin jihohi, irin su Super Haske ta nan Damagaram, ke gwada ƙwanjinsu a gaban jama'a. Da babban taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu, muka yi murna, muka zaɓi ɗan garin nan Mahamane Ousmane a 1993, sai makaɗi ya zama kayan kamfe: a ɗora shi a bayan mota wata guda, jama'a su sha kiɗa kyauta, a ci zaɓe ko a faɗi, a manta da shi sai wani zaɓen. Karyewar darajar sefa a Janairu 1994 ta ninka kuɗin gita da lasifika, waɗanda duka daga waje ake shigo da su. Tun daga nan mutanenmu suka saba da cewa kiɗa abu ne da wani ke biya.

Abin da ya sa nake ganin maganar ta wuce ta fada shi ne ƙofofin suna ta rufewa, ta gida da ta waje. Bikin kiɗan sahara na Mali an yi na ƙarshe a Janairu 2012 kusa da Tumbuktu, bayan ƴan watanni masu iƙirarin jihadi suka haramta kiɗa a arewacin ƙasar, har suka tsare ɗaya daga cikin makaɗan Tinariwen na ɗan lokaci a farkon 2013. A nan Damagaram, ranar 16 ga Janairu 2015, cikin zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa, an ƙone cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar. Fushin kowa ya san dalilinsa, amma littattafan da suka ƙone da dandalin da ya ƙone ƴaƴanmu ne ke amfani da su. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda ya rutsa da Mdou Moctar da mutanensa a Amurka suka kasa dawowa gida na wani lokaci, Faransa ta ba da umarni a watan Satumba a dakatar da hulɗa da masu fasaha na Nijar da Mali da Burkina Faso. An yi ta cece-kuce har hukumomin can suka sassauta harshe, amma darasin ya fito fili: ubangidan waje yana iya rufe ƙofarsa rana ɗaya saboda rigimar da ba makaɗi ya haddasa ba. Masu kiran ƴancin kai da babbar murya ya kamata su gane cewa ƙasar da ba ta iya ciyar da mawaƙinta ba ta da ikon gaya masa wa zai yi wa waƙa.

Ana cikin haka tsofaffin suna tafiya. Abdallah Ag Oumbadougou ya rasu a 2020. Mu nawa ne a garin nan muka taɓa zama a gabansa, alhali Agadas ba ta kai tafiyar kilomita 500 daga nan ba? Ana cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an je inda take an ɗebo.

Na san za a kawo maganar malamai, kuma ba na raina ta. Sai dai a tuna cewa a Janairu 2010, bayan tawaye na biyu ya lafa, Bombino ya dawo daga gudun hijira ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas da yardar Sarkin Abzin, jama'a suka taru lafiya suka watse lafiya. Wasan da aka fara bayan la'asar, aka tsaya don magariba, babu giya, iyali na iya zuwa, ba abu ne da ya gagari garin da ke shirya hawan salla da kokowar gargajiya ba. Gidan al'adu na Abdoussalam Adam yana nan, an kuma kashe kuɗi a kan gine-ginen garin lokacin bikin 18 ga Disamba na 2018. Abin da babu shi ne mutum ashirin daga cikin ƴan kasuwar Dole da ƙungiyoyin ma'aikata da za su haɗa kuɗin somin-taɓi, su sa hannu a yarjejeniya da ƙungiya ɗaya, su sayar da tikiti ba tare da katin gayyata ko ɗaya ba, har da na gwamna. In Tinariwen ta yi tsada ko hanya ta hana, ga Etran de L'Aïr can a Agadas tun 1995 suna kiɗan biki, ga Tal National, ga Bombino da Grammy ta taɓa sa sunansa cikin ƴan takara. A fara da wanda ya samu, a biya shi a gaban shaidu, a bar shi ya yi sa'a huɗu a gaban mutanen da wasunsu ke jin harshensa, sannan mu dawo fada mu ga ko wutar ta mutu ko wuri ne ba ta samu ba.

Na kawo wannan shawara a fada daren jiya. Alhaji ya ce magana ce mai kyau, za a duba bayan kaka, sannan ya miƙa wa yaron wayarsa ya ce a tura masa bidiyon. Mushe kuwa tambayata ya yi ko za a keɓe wa tsofaffin ma'aikata kujeru.